Ina motsa jiki amma sikeli ya ƙi motsi: gudu zan ƙara ko abinci zan rage?

Ɗan Canji, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana harkar lafiya, ko wanda irin wannan ta taɓa samunsa.

Shekaruna 43, tsawona mita 1.72, nauyina kilo 96. A Agege nake zaune da iyali, ina harkar canji a wajajen Allen, Ikeja. Wanda ya san sana'armu ya san zama ce zalla: tun hantsi har bayan magariba kana kan benci, waya a kunne, in ka ga ka miƙe to masallaci za ka. Kwanakin baya ciwon kai ya matsa min na je asibiti, aka ce jinina ya fara hawa, sugan ma yana bakin iyaka. Likita bai ɗora ni a kan magani ba tukuna, ya ce in je in rage ƙiba in dawo a sake dubawa.

Tun daga nan na ɗaura ɗamara. Bayan sallar asuba nakan fita wajajen filin wasa na Agege, in yi sassarfa, in na gaji in koma tafiya, haka dai har minti arba'in, kamar sau huɗu a mako. Ranar Lahadi muna taɓa ƙwallo da yaran unguwa, ko da yake a baya nake tsayawa. Na sayi agogon nan mai ƙirga taku, duk na dawo sai ya nuna na ƙona kalori 550, wani lokaci 600 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da wanda jiki ke ƙonawa). Riga kuwa sharkaf, sai an matse.

Ga abin da ya ɗaure min kai. An kwashe watanni ana haka. Numfashina ya gyaru, ina hawa gadar tsallaka titi ba na tsayawa hutu a tsakiya, amma sikeli yana nan tsakanin 95 da 96. Tumbin nan ko gezau.

A ganina ba ni da wani ci. Da safe koko da ƙosai, wani lokaci burodin Agege da waken nan na Yarabawa mai baƙar miya. Da rana shinkafa da miya, ko garau-garau da mai da yaji, da lemo mai sanyi guda, don zafin Ikeja ba a magana. Da la'asar in baƙi sun zo akan sayo tsire ko gyaɗa a taɓa. Da dare tuwo a gida. Sai dai ranar da gosulo ya riƙe ni, ko muka zauna hira a majalisa, nakan sa mai shayi ya dafa min Indomie biyu da ƙwai biyu da shayi haɗin kauri. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, tunda ai na yi gudu da safe.

Shin gudun zan ƙara, in mai da shi awa ɗaya da rabi, ko abincin ne matsalar? In agogo ya ce na ƙona 600, ba ni da damar ƙara cin abin da ya kai 600 ɗin? Wani abokina ya ce in bar cin abincin dare kwata-kwata, wani ya ce shinkafa kawai zan bari. Kowa da tasa. Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Nas, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maganar likitanka tana gaba da tawa. Amma wannan ƙorafin kusan kullum sai na ji shi, don haka bari mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya ba ɗan canji tsoro.

Jiki yana da shiga da fita kamar littafin shagonka, sai dai mafi yawan fitar ba a filin gudu take ba. Bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, riƙe ɗumin jiki, su ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mutum ke ƙonawa a rana, ko da a kwance ya yini. Narkar da abinci na cin wajen kashi 10. Ragowar ne na kai-kawo da motsa jiki. Namiji mai shekarunka da tsawonka da nauyinka, in bai sauka daga gado ba zai ƙona wajen kalori 1,800. In aka haɗa da ɗan zirga-zirgar mai aikin zama, a ce 2,400 zuwa 2,600. Ƙiyasi ne, amma ba zai yi nisa da haka ba.

Sai gudun asuba. Sassarfa haɗe da tafiya ta minti arba'in da wuya ta wuce kilomita huɗu zuwa biyar, kuma abin da mai kilo 96 zai ƙona a kai, in an cire wanda dama zai ƙona ko yana zaune, wajen kalori 300 ne. Ba 600 ba. Agogon nan ka riƙe shi don ƙirga taku da duba bugun zuciya, amma kada ka ci abinci da lissafinsa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai. Wajen auna bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma wajen kalori, wanda ya fi kowanne kusantar daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshensu kuma da kashi 93. Jiƙewar riga ma ba shaida ba ce. A Legas ko tsayuwar jiran danfo ka yi sai ka jiƙe.

To 300 sau huɗu, 1,200 ke nan a mako. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Ka ga da gudun kaɗai sai ka haura mako shida kafin kilo ɗaya ya tafi, shi ma da sharaɗin ba ka ƙara ko loma ɗaya a kan cin da kake yi da can ba. Mai gudu kuwa yunwarsa ƙaruwa take yi, ga kuma zuciya tana raya masa ai ya biya kuɗin abin da zai ci.

Mu juya ɓangaren shiga, mu fara da teburin mai shayi. Ƙaramin Indomie ɗaya ya haura kalori 300, biyu sun haura 600. Ƙwai biyu wajen 150. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko manja, babban cokali ɗaya kalori 120 ne, don giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko suga ko furotin yana da 4. Mai shayi ba ya awo da cokali, tuntsura gora yake yi, mu ce cokali biyu zuwa uku. Kofin haɗin kauri da madara da Milo da suga, sa 250 zuwa 300. In ka tara za ka samu wajen 1,300, ban sa burodi ba. Gudun mako guda ke nan har da ɗori, a zama ɗaya, kuma galibi kana isa gida a ajiye maka tuwo, ba za ka ce wa Hajiya ka ƙoshi ba. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce. Ko tafiya mai tsawonta ka yi a ƙasa, abin da za ka ƙona wajen 800 ne, bai biya wannan zaman ba.

Lemon rana kuma, robar rabin lita mai cikakken suga tana da wajen kalori 200 da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato wajen giram 50 ga mai cin 2,000. Roba ɗaya ta cinye rabon yinin duka. Sau shida a mako, wani 1,200 ɗin ne. Abin haushin, abin sha ba ya ƙosarwa, ka sha ka kuma ci shinkafarka yadda ka saba. Gyaɗa ma kada ka raina ta: giram 100 wajen kalori 570 ne, kuma ana hira ana watsawa a baki, ba wanda ke ƙirgawa.

Ni ban ce kana da haɗama ba. Nauyinka yana tsaye wuri ɗaya, ma'ana shiga da fita sun yi kunnen doki. Abin da ake nema giɓi ne na wajen kalori 500 a rana, wanda zai ba ka kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya. Samo shi daga kwano ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Lemo ya koma ruwa, 200 ta fita. Man garau-garau a zuba da cokali a gabanka, wata 100 zuwa 200. Daren da ka ci na mai shayi ka aika gida kada a ajiye maka tuwo, kuma Indomie ɗaya, ƙwan a dafa, shayin ba kauri. Shinkafa ba sai ka bar ta ba. Kofi ɗaya na dafaffiya wajen 200 ne, matsalar ita ce farantin mai abinci yakan ɗauki kofi biyu zuwa uku. Barin abincin dare ma ba wani sirri a cikinsa, jimlar yini ake dubawa, kuma wanda ya kwana da yunwa shi ke ramawa da safe.

Kada ka sa wa ranka sai ka koma kilo 70. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo biyar zuwa goma a wajenka, yana isa a ga canji a awon jini da na suga. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya bi mutanen da suganku ɗaya, wato yana bakin iyaka. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwa da ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Saboda haka gudun asuba yana nan daram, kada ka fasa.

Mai Horarwa, Surulere:

Anti Nas, lissafinki ban da ta cewa a kai. Tsorona ɗaya: rabin masu karantawa abin da za su ɗauka shi ne motsa jiki wahalar banza ce, gobe su koma barci bayan asuba. Ni aikina ke nan, ina horar da mutane, kuma na ga yadda masu rage ci kaɗai suke ƙarewa. Suna ramewa, amma ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Mutum ya zube, wuya ya fito, hannu ya yi laushi, tumbin kuma yana nan ɗan madaidaici. Da ya gaji da takura ya koma cin da ya saba, nauyin ya dawo, kuma kitse ne ke dawowa. Waɗanda na ga sun rage sun kuma riƙe, kusan dukkansu ba su bar motsa jiki ba.

Alhaji, kafin ka ce ba ka ga komai ba, ka ari tef wajen tela ka auna cikinka daidai cibiya, a tsaye, ba tare da ka shanye ciki ba. Abin da ake so kada ya wuce rabin tsawonka. Kai mai santimita 172, ana neman 86 zuwa ƙasa. Na tabbata ka haura, amma ka rubuta adadin yau, ka sake aunawa duk bayan mako biyu. Kitsen da ke cikin ciki, mai kewaye hanta da hanji, shi ya fi haɗari, kuma yana iya raguwa da motsa jiki ko sikeli bai nuna wani abin kirki ba. Hawan gadar nan da ka ce kana yi ba hutu, shi ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai hawan jini.

Ƙara gudu zuwa awa ɗaya da rabi ban ba ka shawara ba. Kilo 96 a kan kwalta, gwiwa ce za ta fara kai ƙara, in ta kwantar da kai wata guda an koma gidan jiya. Ka fi ba tafiya mai sauri ƙarfi, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi minti 150 zuwa 300 ne a mako na irin wannan, kai kana kan 160, ka riga ka shiga layi. Abin da ka rasa shi ne ɗaya ɓangaren da suka faɗa, wato aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba sai ka biya kuɗin gidan ɗaga ƙarfe ba. Zauna ka tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, sau goma sha biyu, ka huta, ka maimaita sau uku. Dafa bango ko gefen tebur ka riƙa tura jikinka. Jarkar ruwa mai lita goma a kowane hannu, ka yi zagayen tsakar gida. Minti ashirin ya isa. Kada ka riƙe numfashi lokacin da kake yunƙuri, yana ɗaga jini.

Sannan zaman nan na yini guda. Duk awa ka miƙe. Saƙon da kake aiken yaro ya kai nan kusa, kai da kanka. In ka hau mota ka sauka tasha ɗaya kafin taka. Wannan ƙananan motsin in ya taru a mako yakan kamo gudun asuban.

Wajen ci kuma, in kana ragewa kada ka rage wake, ƙwai, kifi, awara, nono marar suga da naman da ba kitse. Su ke riƙe tsoka, kuma sun fi riƙe ciki. Tsire ba abokin gaba ba ne, ka ce a zaɓo maka tsoka, a bar kitsen da man da ake yarfawa.

Wani abu kuma da nake gani duk safiyar Asabar a babban filin wasa na nan Surulere: mutum ya naɗe ciki da leda ko ya sa rigar ruwa yana gudu, wai kitse yake narkarwa. Ruwa ne yake zubarwa, da ya sha ya dawo. A zafin garin nan sai dai ya jawo wa kansa jiri.

Dattijo Mai Albasa, Mile 12:

Salamu alaikum. Yarona ne yake rubuta min, ni ina faɗa.

Na zo Ikko ina saurayi, da dako na fara. A lokacin malmala uku nake tashi da ita, in kora da fura, kuma ana iya ƙirga haƙarƙarina. Har gobe ka zo kasuwa ka ga yaran da ke sauke buhuna daga tirela, kowannensu yana cin ninkin abin da nake ci, ba mai tumbi ko ɗaya. Ni ranar da Allah ya ɗaga ni na samu kujera da yara, cin bai ragu ba, aikin ne ya ragu, a nan teɓa ta same ni. Mutanenmu kuma sai su ce Alhaji ya murmure, hutu ya zo. Sai da ƙafa ta fara kumburi aka daina yi min barka.

Malam, ka shirya wa bakin mutane. Ranar da ka fara faɗawa za a fara tambayarka, lafiya kuwa? Wasu za su ce kasuwa ce ta juya maka baya, a sana'arku kuwa wannan magana ba daɗi. Ka riga su faɗa: likita ne ya sa ni. A majalisa ma haka, in sun san dalili su da kansu za su hana mai shayi cika maka suga.

Abin da ya taimake ni biyu ne. Na farko hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, in ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mun haddace shi tun muna yara, aiki da shi ne wuya, musamman a tire ɗaya da jama'a, inda kowa ke sauri kada a bar shi a baya. Ni yanzu a kwanona ake zuba min, in kuma cin taro ne, ni ke fara tsame hannu. Na biyu azumin Litinin da Alhamis. Amma ka yi shi don Allah, ragin nauyin ya zo a gyara. Kuma ka sani in za ka buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai suga sannan tuwo ya biyo baya, ba abin da zai ragu. Mu nawa ne muke fitowa daga watan azumi wando ya ƙara matsewa?

Uwargida, Obalende:

Duk kun yi magana da Alhaji, kun manta da mai riƙe da ludayi. Alhaji, in Hajiya ba ta shiga wannan tafiya ba, wahala kawai za ka sha. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da likita ya ce, kada ta ga ka rage ci ta zaci girkinta ne ya daina yi maka daɗi, ko wani wuri kake ci. Mu mata mun san inda tunaninmu ke zuwa.

Maigidana ma an ce ya rage. Abin da na canza a kicin ba shi da yawa. Mai da cokali nake aunawa yanzu, ba na tsiyayawa daga galan, kuma ga tsadar mai a garin nan ba wanda ya yi kuka. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi da ayoyo ba sa neman mai sosai, daddawa da kifi ne daɗinsu. Miyar dage-dage ce mai shan mai, ita kuma in ta gama nakan kwashe wanda ya taso sama. Malmala ɗaya madaidaiciya maimakon biyu, miya da ganye su fi yawa. Alayyafo, ugu, kabeji, zogale, duk ga su a kasuwa. Kwaɗon zogale ko rama yana cika ciki, sai dai a yi hankali da ƙuli da mai, don in aka sake sai ya fi tuwon nauyi. Da safe wasu ranakun alale ko dafaffen ƙwai a madadin ƙosai, don ƙosai a cikin mai yake iyo. Kokon kuma ni ke sa masa suga, ba na ajiye masa gwangwanin a gaba.

A kula da abin sha na gida ma. Mutum ya bar lemon kwalba ya koma zoɓo da kunun aya da fura yana ganin ya tsira, alhali masu sayarwa suga suke zubawa ba tausayi. In za a sha a haɗa a gida.

Sai shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya da cikin mota. Wata maƙwabciyata ta sha, ta yini tana zarya banɗaki, sikeli ya nuna ta ragu, ta yi murna, bayan 'yan kwanaki komai ya dawo, sai jiri da ta samu. Yawancinsu masu sa gudawa ne ko yawan fitsari. Mai hawan jini bai kamata ya kusanci abin da bai san me aka zuba a ciki ba. Ruwan ɗumi da lemon tsami ma ba ya narkar da kitse, in dai ya maye gurbin haɗin kauri ne to a nan amfaninsa yake.

Ɗan Canji, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya ta Obalende, saƙonki ya isa, a wayata matata ta karanta da kanta, ta ce dama ta daɗe tana faɗa. Na auna cikin, santimita 108.

Lemo zan iya bari. Majalisar ce mai wuya, amma zan gwada dabarar Baba Mai Albasa. Sai dai maganar Baba ta 'yan dako ta tsaya min a rai. Anti Nas, ba ta nuna cewa in aikin ya yi yawa mutum zai ci abin da ya ga dama ba? Sannan in na ɗauki azumin Litinin da Alhamis, in yi gudun a ranakun ko in bari? Kuma yaushe zan fara ganin canji a sikeli?

Nas, Idi-Araba:

Baba ya yi gaskiya, amma ka duba awa nawa ɗan dako yake yi. Tun asuba har yamma yana ƙarƙashin buhu, kai kuma minti arba'in ne sannan zaman awa goma. Ba za ka iya sayen irin fitarsa ba sai ka bar canji ka koma dako.

Kuma jiki ba ya biyan motsi ɗaya bayan ɗaya yadda muke zato. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna abin da 'yan ƙabilar Hadza na arewacin Tanzaniya ke ƙonawa a rana. Mutane ne masu rayuwar farauta da tono saiwoyi, suna tafiyar kilomitoci kullum. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka ga jimlar tasu ba ta yi nisa da ta mazauna biranen Amurka da Turai ba. Masana suna muhawara kan girman wannan ragin da jiki ke yi, amma ko a kanka za ka iya lura: ranar da ka yi gudu mai tsanani, yinin nan ko miƙewa ba ka son yi, yaro kake aika ko ruwa ne. In ka ninka gudun, ba lallai giɓin ya ninku ba, yunwar dai tabbas za ta ƙaru. Abin da Mai Horarwa ya faɗa na ƙarfafa tsoka da yawan miƙewa na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ranar azumi ka bar sassarfa, ka yi tafiya marar tsanani dab da magariba, yadda ruwa yana kusa. In nan gaba aka ɗora ka a kan maganin suga ko na hawan jini, ka tambayi likita kafin ka ci gaba da azumin nafila, don wasu magungunan suna faɗar da suga ƙasa sosai, wasu kuma suna sa yawan fitsari. In kana motsa jiki ka ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da yadda ka saba, ka tsaya, asibiti za ka a ranar.

Sikeli kuma, ka hau da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, sau ɗaya ko biyu a mako, a kan sikeli ɗaya. Nauyi yana iya hawa da sauka da kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin yau da gobe saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji. Makon farko yana iya faɗuwa da sauri, yawancinsa ruwa ne. Bayan nan kilo biyu a wata ya yi kyau. In ka ragu da kilo shida ko bakwai za ka ga ya fara tafiyar hawainiya, don ƙaramin jiki bai kai babba ci ba, a nan sai a sake duba kwanon.

Abu biyu da ban faɗa ba ɗazu. Barci: in majalisa tana kai ka sha biyun dare kuma ka tashi asuba, ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Sai gishiri, tunda jini ne ya kai ka asibiti. Abin da ake so ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma a ciki har da dunƙulen miya, garin da ke cikin ledar Indomie da yajin tsire. Ka samu ɗan littafi ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako guda, har gyaɗar la'asar da abin da aka ci a gidan biki, ka haɗa da awon cikin nan na 108 da kwanan wata, ka tafi da shi ranar da za ka koma wajen likita.